Wanda Ya Fara Busa a Daminar Fari

Tun kuna ƙanana kuke jin ana kiranku jikokin mai korar hadari. Ke Binta kin fi kowa shan wannan suna don ke ce babba, kuma ban manta ranar da kika dawo daga rijiya da fasasshen tulu da kumburarren leɓe ba, kin yi dambe da wata yarinya a kansa. Na zaunar da ke na yi miki faɗa, har da cewa ki koyi haƙuri. Ni fa, wai ni ne mai koyar da haƙuri. Yanzu ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, tsararrakina ana ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa zan rubuta abin da ya faru a waccan damina yadda ya faru. Kakanku na wajen uwa, Baba Tanko mai sarewa, ya yi busa a damina, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ya fara ba.

Sai na fara yi muku bayanin dokar, domin ku kun tashi ta riga ta mutu. A garinmu, can yamma da Ɗanbatta inda gona ke manne da gona, daga ranar da aka jefa irin farko a ƙasa har ranar da aka ɗaure damin gero na farko, ba a busa. Ba sarewa, ba ƙaho. Ko yaro ne ya huda karan dawa ya kai baki, sai ya sha ranƙwashi daga duk babban da ya fi kusa da shi. Manya suka ce busa kiran iska ce, iska kuwa ita ke tarwatsa hadari. Liman ya sha faɗa cewa wannan magana ba ta cikin littafi, ruwa na Allah ne. Kowa ya ce haka ne, Allah ya gafarta Malam, sannan a koma gida a ci gaba da ranƙwashin yara. Shi kansa Baba Tanko, wanda ba a bikin kaka sai da shi, da an yi shuka yake naɗe sarewarsa a tsumma ya soke ta a jinka, ba ya sake taɓa ta sai an yi girbi. Tun yana saurayi haka yake yi, ba a taɓa jin ya saɓa ba.

Ni a lokacin ba na gari. Ina aikin kuku a gidan wani injiniya da ke aikin madatsar ruwa, mutumin Brazil, wanda mu dai Bature muke ce masa ko da yake bai fi wasu Fulaninmu haske ba. Da abubuwa suka taɓarɓare a ƙasa, aiki ya tsaya, kamfaninsu ya tattara ya tafi. Ranar da zai hau mota ya kira ni ya miƙo mini ƙaramar rikodarsa, da kaset guda a cikinta. Ya san ina son wannan kaset ɗin, don duk sanda ya sa shi ina yanka albasa sai wuƙa ta tsaya a hannuna.

Bari in gaya muku yadda yake, tunda ba za ku taɓa jin sa ba. A bangonsa akwai hoton wani mutum riƙe da sarewar ƙarfe fara, ya kai ta baki a gicciye, ba a miƙe kamar tamu ba. Sarewar ce ke jan ragamar kiɗan daga farko har ƙarshe. A ƙarƙashinta akwai jita mai laushi, da ganga da ake shafa ta a hankali kamar mace na share tsakar gida, da wani fiyano mai ƙara kamar ɗigar ruwa. Maigidana ya ce rangajin da kiɗan ke yi na ƙasarsu ne, sunansa bosa noba, an gauraya shi da jaz na Amurka da irin waƙoƙin da matasa ke so a rediyo. A waƙa biyu akwai muryar mace, amma ba ta faɗar komai da zan gane, bin sarewar kawai take yi. Abin da ya fi kama ni shi ne mai busar ba ya gaggawa. Zai yi busa ya yi busa, sai ya yi shiru ya bar jita da ganga su yi ta tafiya su kaɗai, har ka ɗauka ya gama, sannan ya dawo ta wata hanya daban. Sunansa yana rubuce a bangon, ban iya karanta boko sosai a lokacin ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Na iso gida an yi shuka da mako uku, ruwa kuma ya ɗauke. Damina ta biyu ke nan a jere ana fari. Gidanmu ana ɗora tukunya sau ɗaya a yini, ita ma rabinta ganyen tafasa ne da dusa. Babana ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Na san in ya ga rikodar, ranar kasuwar Ɗanbatta mai zuwa za ta koma gero, kuma da gaskiyarsa. Amma ni ita kaɗai ta rage mini daga shekarun da na yi ina sa farar riga ana ce mini kuku. Sai na ɓoye ta. Mahaifiyarku Saude tana gidan iyayenta goyon ciki, cikinki ne Binta, ba wanda zai bincika kayana. Ban nuna wa kowa ba, har ita.

A bayan gidanmu, wajen danga, bakin gona, akwai babban rumbun ƙasa na kakana, mai faɗin ciki da ƙaramin baki a sama. Rabonsa da ƙwayar hatsi tun bara waccan. Ba mai zuwa wurin, ko kaji sun daina. Nan na kai rikodar. Batir ɗin da ke ciki sun tsufa, sai na riƙa shanya su a rana tun hantsi don su ɗan farfaɗo, shi ya sa lokacin da nake samun ji shi ne tsakar rana tsaka, sanda kowa ya dawo daga gona ya shige inuwa. Kun san abin da ake faɗa a kan wannan lokaci, cewa ba na mutane ba ne. In hau tsani, in ɗaga murfin ciyawa, in dira ciki, in zauna a duhu mai warin tsohon gero, in danna. A wautata na ɗauka katangar laka za ta riƙe ƙarar. Ashe rumbun da ba kowa a cikinsa tulu ne. Wanda ke tsaye a gindinsa ba zai ji komai ba, amma ƙarar na tashi ta bakin ta je ta sauka can nesa a kan gonaki. Kuma ba duka ke tafiya ba. Jita da ganga da fiyano a ciki suke mutuwa. Sarewar kaɗai ke fita.

Kwana uku da farawa, muna zaune da yamma, Inna, mahaifiyata, ta ajiye wa babana akushi ba ta tafi ba.

"Malam, ka ji abin da ake faɗa?"

"Me ake faɗa?"

"Wai ana busa da tsakar rana. Matan da suka je ɗiban tafasa sun ji. Suka bi ta gabas, sai ta koma yamma. Suka juya, sai suka ji ta a saman kansu. Ɗaya ta yar da ƙwaryarta a can."

Babana ya ce, "Fulani ne."

"Waɗanne Fulani? Rabon da a ga saniya a nan tun yaushe? Kuma sun ce ba irin busarmu ba ce. Wai ba ta numfashi."

Babana ya yi a'uziyya ya ce a ci abinci. Ni kuwa na sunkuyar da kai, dariya ce ke cina. Ina so ku san wannan, dariya na yi. Na ce a raina ga ƙauyanci, akwati na kiɗa an ce aljanu ne. Na kuma yi wa kaina fatawa: doka ta hana busa, ni kuwa ban busa ba, maɓalli na danna. Wanda ya busa ya yi busarsa shekaru da suka wuce a bayan teku, iskar bakinsa ba za ta iso nan ba. Wanda ya zauna da Bature shekara huɗu ba ya rasa irin wannan hujja.

Washegari na koma rumbu. Ina fitowa na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗu irin wanda rabonmu da shi an daɗe. Mata suka fara fito da tukwane, yara na tsalle. Sai wata iska ta taso daga yamma, mai zafi, ba ƙura ba komai, ta shiga hadarin nan tana yayyaga shi muna kallo. Kafin la'asar sama ta koma fes. Na ga wani tsoho maƙwabcinmu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe fuska da hularsa.

Dariyata ta tsaya daga ranar. Na yi kwana huɗu ban je ba. A kwanakin nan aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ya rage, gero yana ta naɗe ganye. Mai unguwa ya sa samari su riƙa zaga gonaki da sanduna da tsakar rana, amma tsoro ya hana su rabuwa da juna, tafiya suke a dunƙule kamar tumaki. Ni ma har an sa ni a ciki rana ɗaya. Ba a ji komai ba, hadari kuma bai dawo ba. Sai na ce to ai ga shi, ba ruwan kaset. A rana ta biyar na ɗebi batir ɗina daga kan jinka na nufi rumbu. In kun tambaye ni dalili, ba ni da wanda zai gamsar da ku. Yunwa nake ji, matata ba ta nan, ba ni da aiki, kuma a cikin duhun nan ne kawai nake mantawa.

Waƙa ta uku ita ce mafi sanyi a kaset ɗin. Sarewar ta yi tafiyarta, ta zo inda take yin shiru. Na jingina da bango ina jin jita. Sai na ji busa daga waje.

Waƙar ce dai, wadda aka gama yanzu, amma an lanƙwasa ta ta dawo irin tamu, da ɗan kakkarwar nan ta sarewar kara. Daga nesa take, ta gangaro ta bakin rumbu ta same ni. Hannuna na kan rikodar amma na kasa danna komai. Ta waje ta kai ƙarshe ta tsaya, daidai nan ta kaset ta dawo, ta ɗauki hanyarta ta daban, kamar ta ji abin da aka ce tana mayar da martani. Ta sake yin shiru, ta waje ta sake shigowa. Sau uku suna haka. Sai batir ya fara sanyi. Kun san yadda kaset ke yi, murya ta ja, ta yi ƙasa, ta yi kauri. Sarewar ƙarfen nan ta riƙa gangarawa har ta zama nishi, irin nishin babbar dabba. Ta waje ta biyo ta, ta biyo ta, har inda ta kasa, ta katse a tsakiya. Rikodar ta yi gurnani ta tsaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na karanta duk abin da na haddace. Ni da nake wa mutane dariya, na tabbata a raina cewa na kira wani abu kuma ya amsa. Da na haura na fito, rana na nan tsaka, gonaki shiru, ko tsuntsu babu.

Kafin azahar labari ya cika gari. Samarin mai unguwa sun bi busar, wannan karon ba ta guje musu ba. Sun sami Baba Tanko a gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa, sarewa a cinyarsa, gumi ya jiƙe masa riga.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ina can baya a tsugune, domin surukina ne. Kun san yadda abin yake a zamaninmu: ba na kiran sunansa, ba na haɗa ido da shi, in na hango shi a hanya sai in ratse in tuɓe takalmi. Liman ya zo da Alƙur'ani a gafaka. Shi taimako ya yi niyya, yana so tsohon ya dafa ya ce ba shi ne mai busar kwanakin nan ba, a wuce wurin.

Mai unguwa ya ce, "Tanko, kai babba ne a garin nan. Sarewa a cinya ba laifi ba ce. Dafa ka ce ba ka busa ba, kowa ya tafi gida."

Baba Tanko ya dubi gafakar, ya mayar da hannuwansa baya.

"Ranka ya daɗe, ba zan dafa ba. Na busa."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ya jira ta lafa.

"Yau kaɗai na busa. Amma ba ni na fara ba. Kwana da kwanaki ana kirana. Ina kwance a ɗaki in ji ta, in toshe kunne in ji ta. Tana yi tana bar mini gurbi. Duk wanda ya san busa ya san in an bar maka gurbi. Yau na kasa."

"Wa ke kiran naka?"

"Ban san ko wane ne ba. Ban san ko mene ne ba."

Wani daga cikin taron ya ce, "Mai sarewa nawa ne a garin nan?" Wani ya ce, "Geronmu ya ƙone kana wasa da mutanen ɓoye!" Liman ya ɗaga hannu yana cewa jama'a ku ji tsoron Allah, ba mai korar ruwa sai wanda ya halicce shi, amma muryarsa ta nutse. Mai unguwa ya juyo ya dubi jama'a ya ce, "Akwai wanda ya san wani abu a kan wannan busa?"

Ga ni a tsugune. Tafiya kaɗan ce zuwa rumbu, in ɗauko, in sa sabon batir na rediyon mai unguwa, in danna a gaban kowa. Na lissafa abin da zai biyo baya. Za a ce ɗan Malam Haruna ya ɓoye abin sayarwa uwarsa na cin dusa. Za a ce shi ya kori hadarin ranar nan. Babana ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba. Na kuma ce wa kaina ai bai kamata suruki ya miƙe ya yi magana a kan surukinsa a bainar jama'a ba, rashin kunya ne. Kun ga yadda na ɗauki kunya na yi mayafi da ita. Tsoro ne kawai. Mai unguwa ya maimaita tambayar, na ci gaba da kallon ƙasa.

Da sassafe, kafin a fita gona, na shiga rumbu na ɗauko su. Na zare zaren kaset ɗin duka, na haɗa da bangon mai hoton, na cusa a murhun Inna sanda ta je rijiya. Ya yi wari ya narke. Rikodar kuwa na kai ta wata kasuwa mai nisa inda ba a san ni ba, na dawo da ɗan gero na ce wani tsohon abokin aiki ne ya taimaka mini. Inna ta yi ta sa masa albarka.

Ba a kori kakanku da sanda ba, mutanenmu ba sa haka. Sallama zai yi a amsa a ciki-ciki. A sahun salla sai a bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Mata suka daina zuwa ɗiban wuta gidansa. A cikin wannan hali aka haife ki, Binta, a gidansa. Ranar suna an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun asuba, liman ya zo, babana ya zo, ni, da mutum uku. Sauran tabarmin haka aka naɗe su ba wanda ya zauna. Baba Tanko da kansa ya naɗe, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Bayan mako biyu ya ɗaura kayansa a jaki ya tafi wurin ƙanwarsa a wani ƙauye ta wajen Gezawa.

Kwana uku da tafiyarsa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gero ya riga ya tafi, amma dawa da wake sun ɗan samu. Kowa ya ce kun gani. Daga nan magana ta zauna, ba mai tayar da ita. Ni kaina, in faɗa muku gaskiya, na tsaya a cikin ruwan nan ina tunanin cewa ni ma ai na daina, kuma har yau ban san abin da zan yi da wannan tunani ba.

Bayan girbi aka aiko cewa ba shi da lafiya. Muka hau mota ni da Saude, ke Binta kina goye. Mun isa da hantsi. Yana zaune a zaure a kan buzu, ya zama ƙashi da fata, carbi a hannu. Ƙanwarsa ta ja Saude gefe, ina ji, ta ce ba wani ciwo da aka gani. Ba ya cin abinci ne, ba ya barin istigfari, ya ƙone sarewarsa, kuma da rana ta kusa tsaka sai ya toshe kunnuwansa da auduga ya shige ƙuryar ɗaki. Saude ta shiga ciki. Na tuɓe takalmi na tsuguna daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa. Can ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi mini magana kai tsaye.

"Ana jin ta har yanzu?"

Na ce, "An daina, Baba."

"To ni ta zo nema ke nan." Ya ja carbi. "Abin da mutanen gari suka yi bai dame ni ba, yunwa ce. Na karya doka, na biya. Abu ɗaya ke hana ni barci. In mutum ne ya kira ni na amsa, tsakanina da gari ne. In ba mutum ba ne, to na amsa kiran abin da bai kamata Musulmi ya amsa ba, da bakina, da numfashina. Da wannan zan je gaban Allah."

Nan ne na faɗa masa. Kaina a ƙasa, ina kuka kamar yaro, na faɗa masa komai: Bature, rikoda, rumbu, batir a kan jinka, taron ƙofar mai unguwa da shirun da na yi. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Ina akwatin?"

"Na sayar."

"Abin da ke cikinsa fa?"

"Na ƙone, Baba."

"Sunan mai busar?"

"Ban sani ba."

Sai ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya kawo maka tuwon ƙasa.

"Na san rediyo, na san garmaho, ba yau aka haife ni ba. Akwati yana faɗar abin da aka zuba masa ne. Ba ya jira. Wannan ta jira ni. Na yi magana ta amsa, na sake ta sake, kuma amsar ba irin ta farko ba ce. Daga ƙarshe ta gangara inda ƙirjin ɗan Adam ba ya kaiwa. Kai ba ka san busa ba, ɗana, ko karan dawa ba ka iya hurawa." Ya miƙo hannu ya dafa kaina, abin da suruki ba ya yi. "Ka zauna ka ƙirƙiro wannan duka don ka sauke mini kaya. Har ka ɗora wa kanka laifi. Allah ya yi maka albarka. Saude ta yi dacen miji."

Na rantse masa. Ya ce kada in yi rantsuwa a kan ƙarya saboda shi, zunubinsa ya ishe shi. Sai ya dubi inuwar ƙofa, ya ga ta gajarce. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya ciro auduga, ya toshe kunne ɗaya, ya toshe ɗayan, ya dafa bango ya miƙe ya shige ciki. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na yi mako biyu ina yawo a rumfunan masu kaset a Kano, ina yi musu waƙa ta uku da baki, suna dariya suna miƙo mini abin da ba shi ba. Ina can aka aiko ya rasu.

Amma a ranar nan, da muka fito za mu tashar mota, Saude na gaba ina biye. Ashe tana bayan zana duk maganar da muka yi. Muka wuce gidajen garin muka shiga gonaki. Sai ta tsaya ta gyara goyo, ba ta juyo ba.

"Ni na yarda," ta ce.

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba zan faɗa wa 'yar nan ba, ko waɗanda za su biyo ta. Ba ni na yi shiru a ƙofar mai unguwa ba. Kai za ka faɗa, da bakinka. Zan jira."

Ta zauna da ni, ta haifa mini ku bakwai, ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan wannan ba, ba ta kuma sake ambatarsa ba. Sai dai duk ranar da ɗayanku ya shigo gida yana kuka an kira shi da sunan nan, takan ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ni kuma in tashi in fita. A jinyarta ta ƙarshe, bara, ranar da kuka taru duka a ɗakinta, kun tuna ta yi ta kallona, har ke Binta kika ce Inna na son ruwa ne, kika tashi kika ɗebo. Ba ruwa take so ba. Ku bakwai kuna wuri ɗaya, ga ni, ga ta. Na ce a raina bari ta ɗan samu sauƙi tukuna.